Gaton da Tsoho Ya Fara Taɓawa

Tun da jikata ta zo Madawa karatun lise, wato babbar sakandare, ta sauka gidan nan, ɗakin girkinmu bai sake ganin zaman lafiya ba. Yarinya ce mai hankali, ba ni da abin cewa game da tarbiyyarta. Amma wata mata ta shige mata rai, matar da ke zaune cikin waya tana kwaɓa fulawa da jan farce, tana zuba Faransanci kamar ana korarta. Ita ta koya mata wai gato ƙanana, masu faɗin bakin kofin shayi, irin waɗanda ake ci ƙurus-ƙurus. Kawunta, ɗan nawa da nake zaune wurinsa, shi ya ƙarasa lalata al'amarin, ya je ya sayo mata fur, wato murhun gashi, mai aiki da kuran, wutar lantarkin nan. Daga ranar na san hayaƙi iri-iri.

Karon farko, bur ɗin, wato man shanun kanti, ya narke tun kafin ta gama sauraron abin da za a yi da shi. Ita matar waya can ƙasar sanyi take, ba ta san zafin Madawa ba, ba ta kuma tambaya ba. Yarinya ta jera ƴan dunƙulenta a faranti gwanin sha'awa, ta tura cikin fur, da aka buɗe sai ga su sun narke sun haɗe sun zama faifai guda, sai da wuƙa aka ɓamɓare shi. Wani karon kuran ya ɗauke ana tsakiyar gashi, ta tafi hira wurin maƙwabta, ya dawo ba ta sani ba. Ni da nake salla na riƙa jin ƙauri har na rasa raka'ar da nake. Wani karon kuma aka ce a ajiye kwaɓin cikin firigo ya huta, wai kwaɓi ma hutawa yake yi, ta ajiye shi a buɗe kusa da yankakkiyar albasa da busasshen kifi. Wane firigo ne a garin nan babu albasa a cikinsa? Gato ya fito yana ƙamshin miya. Ga awo: matar tana kiran garam, mu ba mu da sikeli, yau a auna da kofin shayi, gobe da gwangwanin tumatir, jibi da ludayi. In na ce, "Ke, ki tsaya ga ma'auni guda mana," sai ta ce, "Kaka, bari, haka reset ɗin tac ce," wato tsarin haɗin da matar ta bayar. Akuyar gidan nan da ba ta ƙin kwali, sai da ta sunsuna na kifin nan ta juya ta ba shi baya. Kwanoni kuwa a bar su jiƙe har la'asar, ƙudaje suna biki.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Ɓarnar fulawa da sukari tana yi mini zafi, amma wanda bai ɓata ba bai koya ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Ko mai kyau ya fito ko ƙonanne, abu na farko da take yi shi ne ta ɗaga waya ta ɗauke shi foto ta aika wa ƙawayenta. Su gani, su yaba ko su yi dariya, sannan ta gutsura, kawunta ya gutsura, matarsa ta gutsura. Ni ina nan bakin ɗakina, ni ce babba a gidan, ba wanda ya tuna a kawo mini in fara taɓawa. Ba kwaɗayi ba ne, likita ma ya ce in rage zaƙi. Wanda bai yi zaman gidan da na yi ba zai ce wannan ba abin magana ba ne. To a wurina abin magana ne.

An kai ni aure wani ƙauye a gindin dutse, can wajen Keita. Gida ne babba, in asuba ta yi ba ka jin komai sai taɓare suna amsa wa juna, da kukan jakuna za su rijiya, da muryar uwar mijina tana kiran sunayen waɗanda ba su tashi ba. Mu yi sussuka, mu yi surfe, mu hau fako neman itace, mu sauko da ƙaya a tafin ƙafa, mu dama fura, rana ta faɗi ba mu san inda ta bi ba. Mutanen gidan asalinsu anna ne, masu bin addinin gargajiya. Ko da na zo duk ana salla, uban mijina ma da tasbaharsa, amma akwai abin da bai bari ba, kuma ba wanda ya isa ya bar shi a gabansa. Sabon abu ba ya shiga bakin kowa a gidan sai ya bi ta bakinsa. In gero ya nuna, ko yara suna kuka, ba a gasa tumu sai an kai masa zangarniyar farko ya murza ya tauna ya ce, "Ku ci." Haka sabon wake, haka nonon saniyar da ta haihu, haka duk wani abin ci da bai taɓa shigowa gidan ba. Na taɓa jin yana gaya wa mijina cewa in abu na da sharri gara ya fara samun wanda ya gama rayuwarsa. Tsoho ne siriri, ba shi da yawan magana, haƙoransa ƴan kaɗan ne suka rage a gefe guda, da su yake lallaɓa goronsa. Ni kuwa suruka ce. Ba na faɗin sunansa, ba na duban fuskarsa, in na hango shi a hanya sai in ratse.

Sai aka shiga shekarun da ruwa ya yi mana rowa, rumbuna suka koma ɗakin kaji. A lokacin ne aikin duwatsu ya zo. Mu mata muke ɗaukar dutse a ka, mu jera a jikin tudu don ya tare ruwa, mu haƙa ramuka a shuka itace. Ba kuɗi ake biya ba, abinci ake ba mu. Ta haka fulawa ta shigo gidanmu, da mai a gwangwani, da sukari, da madarar gari. Mun san gero, mun san dawa, amma wannan farin gari mai laushi ba mu san kansa ba. Uwar mijina ta tuƙa shi tuwo, ya manne wa mutane a ganda. Aka dama shi kunu, ya yi yauƙi. Mafi yawa sai a kai kasuwa a musanya da hatsi.

Ana nan, ran nan na kai yaro awo ɗakin magani, matar malamin asibitin ta kira ni cikin gidanta na sha ruwa. Mutuniyar Tawa ce, mai tsabta, mai fara'a. Ta miƙo mini wani ɗan abu zagayayye a asiti, wato ɗan faranti. Na sa a baki, ya narke. Ban taɓa cin abu mai daɗi haka ba, har na ji kunyar yadda na lumshe ido. Ta ce gato ne, kuma da irin fulawar da ake ba mu ake yi. Na ce ta gaya mini yadda ake yi. Tana ninke wanki tana lissafa mini: fulawa, sukari, mai, ƙwai, madara, da ɗan wani farin gari da ke sa shi ya tashi ya yi taushi. In babu fur, a zuba rairayi a gindin tukunya, a ɗora marfin kwano a jera su a kai, a rufe, a sa garwashi sama da ƙasa. Ta faɗi sunan farin garin nan da Faransanci, kafin in kai gida ya zube mini a hanya. Ban damu ba. Na ce a raina, abin da ke sa abu ya yi taushi ai kanwa ce. Da ita muke dafa wake, da ita muke sa kuɓewa ta yi laushi, me zai hana ta yi wa fulawa?

Na zaɓi ranar da ba mu fita aiki ba. Na samo ƙwan zabi, na jiƙa kanwa, kuma da yake ina son abin ya yi taushi sosai, ban yi mata rowa ba. Sukarin ya dunƙule, sai na daka shi a turmin da aka kirɓa gabu jiya, wato ganyen albasar nan da muke dakawa mu shanya don miya. Na ɗauraye turmin, amma wanda ya san gabu ya san ba ya barin wurin da ya kwana. Kwaɓi ya fito rawaya-rawaya, yana neman komawa kore. Na ce wataƙila wuta za ta gyara. Na jera, na rufe, na tula garwashi, matan gida suka kewaye ni suna tambaya, ni kuwa ina amsawa kamar a Tawa aka haife ni. Da na buɗe, na ƙasa sun yi baƙi, na sama sun tsage, ko ɗaya bai tashi ba. Ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan marfi, ya yi ƙara kamar an jefa tsakuwa. Na ɗauka zan kai baki in ji iyakar ɓarnar, sai uwar mijina ta cafke mini hannu.

"Ke, mi za ki yi? Kin mance gidan da kike?"

"Inna, ɗan kaɗan za ni taɓa, in ji ko ya yi."

"Kak ki soma. Wanga abu bai taɓa shigowa gidanga ba. Zuba ki kai mashi."

Na zuba a ƙwarya mai kyau, na rufe da faifai, na tafi. Yana zaune a inuwar ɗakinsa yana tufkar igiya. Na durƙusa nesa kaɗan, na tura ƙwaryar, kaina a ƙasa. Da suruka na iya magana, da na ce Baba kada ka ci, ban yarda da shi ba. Amma bakina ba shi da izinin wannan. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya shi, ya ce, "Mi na wanga?" Uwar mijina daga baya ta amsa, "Gato na, abincin nasara. Ɗiyarka ta yi." Ya kai gefen da haƙoran suke. Na ji ƙarar, ban ga fuskar ba. Ya daɗe yana fama. Ya nemi ruwa, ya tsoma sauran, ya jira, ya sake gwadawa. Da na saci kallo ta gefen ido, na ga hawaye sun taru masa. Ya haɗiye. Sai ya ɗauki na biyu. Wallahi ya ɗauki na biyu, ya cinye shi ma. Sannan ya goge baki ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka. Ku ci. Ɗiyata, in kinka sake yi, ki kawo mani."

Aka rarraba. Na sa nawa a baki. Ɗaci, da santsin sabulu, da warin albasa, ga tauri. Na dubi matan gida, kowace tana taunawa da ido a rufe, ba mai cewa uffan. Wa zai ce babu daɗi bayan tsoho ya sa albarka? Su kuma ba su taɓa cin na gaske ba, sun ɗauka haka nasara ke shan wahala. Uwar mijina ta ce, "To, abin masu kuɗɗi dai sai su." Ni kaɗai na san ba haka yake ba, kuma in na faɗa na ƙaryata uban mijina.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ƙanwar uwar mijina ta yi jika a wani ƙauye wajen Ibohamane, za a yi suna. Inna ta ce ba za ta tafi da fura da goro kamar kowa ba, da gato za ta je, a san surukarta ta iya abin birni. Na ce fulawa ta kusa ƙarewa, ta aro. Na ce ban ji daɗin jikina ba, ta ce za ta taya ni hura wuta. Na rage kanwa a ɓoye, ta gani, ta ce in yi shi yadda tsoho ya yaba, ta ƙara da hannunta. Muka cika kwando muka ɗauka a ka. Can kuwa babu tsohon da zai rufe wa kowa baki, ga matan da mazansu ke zuwa ci-rani suna kawo musu biskit na kwali. Wata ta gatsa ta tofar, ta ce, "Wagga amarya, da rana tana ɗaukar duwatsu, da marece tana gasa su!" Wuri ya kaure da dariya da guɗa. Yara suka kwashe sauran suka tafi harbin tsuntsaye. Tun daga ranar sunana a wannan yanki Mai Gasa Dutse. Na haifi ƴaƴa, na aurar da su, amma in na je biki can sai an sami tsohuwar da za ta tambaye ni ko na zo da guzuri.

Na ji haushin tsohon nan, haushi mai tsanani, kuma ban iya gaya wa kowa ba. Kalma guda ta ishe shi. Ya ce bai yi ba, a zubar, in sha kunyata a cikin gida, ta mutu a nan. Ya fi kowa sanin bai yi ba, shi da ya yi hawaye. Na rantse a raina, in Allah ya kai ni girma aka kawo mini abu in taɓa, gaskiya zan faɗa ko ta yi ɗaci. Duk da haka ban daina yi ba, don taurin kaina ya motsa. Na koma wurin matar Tawa, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ɗibar mini farin garin a takarda. Na yi wani, ya ƙone. Na yi wani, ya yi danƙo. Kowanne sai na kai masa, tunda ya ce a kawo, kowanne sai ya ce madalla. Wani lokaci ya tambaye ni, yana kallon igiyarsa, ko mutanen gidanmu lafiya, ko aikin dutse bai yi mini yawa ba. Duk zamana a gidan, nan ne kaɗai nake jin muryarsa ta nufo ni. Ranar da gato ya yi kyau na gaske ma, madallar ba ta fi ta ranar farko ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

To, kwanakin baya ina mita ni kaɗai, ashe matar ɗana ta ji, ta tsegunta wa yarinyar yadda ake yi a gidan kakanninta. Ran nan bayan azahar ina zaune, sai ga jikata da asiti rufe da farin ƙyalle. Babu waya a hannunta. Ta zo ta durƙusa har ƙasa, rabi wasa rabi gaske, tana murmushi, fulawa a girarta.

"Kaka, ga shi. Sabon iri na, babu wanda yat taɓa, ko ni. Gobe za ni kai ma ƴan ajinmu, muna da fet, bikin lakwal. Ke za ki hwara."

Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba. Na gyara zama, na yi bisimilla, na ɗauka. Da gani ya yi kyau, ja-ja, da ƴan tsagogi a kai. Na gatsa, sai ga wannan ɗacin da santsin sabulun da na sani tun ina amarya. Ta cika farin garin, bikarbonat suke ce masa, ɗan'uwan kanwa ne. Na tuna kwandon nan, na tuna guɗar matan nan, na ga yarinyata gobe a gaban ƴan ajinsu. Na cika alkawarina.

"Wanga bai ciyuwa," na ce. "Kin cika mashi garin nan. Awa sabulu. In kinka kai shi lakwal, suna za su sa maki wanda ba shi hita. Kuma sau nawa nic ce ki tsaya ga ma'auni guda? Kullum ɓarna, kullum hayaƙi, ke da waccan mata taki mai jan akaihwa."

Na ƙarshen nan ba ya cikin alkawari, bakina ne ya zarce. Murmushin ya tafi. Ta gutsura ta ji da kanta, ta yamutsa fuska, ta ce, "Gaskiya ta. Mersi, Kaka." Ta ja ƙyallen ta rufe, ta tashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Ta sake kwaɓi a ranar, ta aro ɗan sikeli wurin mai butik, kantin unguwa, washegari ta tafi da abin da aka ce har malamansu sun nemi ƙari.

Na cece ta, wannan ba wanda zai musa mini. Yanzu hannunta ya faɗa, hayaƙi ya ragu, matan unguwa suna aiko mata a yi musu na suna da na biki. Kullum da sabon iri, yau mai gyaɗa, gobe mai riɗi, har da mai dabino. Sai dai ba ta sake zuwa ta durƙusa ba. Na jira, na yi gyaran murya, na yi habaici, shiru. Tsohon nan ya san abin da yake yi. Ya san in ya kushe na farko ba zai ga na biyu ba, shi ya sa ya haɗiye kanwata ya nemi ƙari. Ya sani, bai gaya mini ba, ya bar ni na tsufa da rantsuwata. Har yau haushinsa nake ji.

Shekaranjiya na gaji da jira. Ta fito da faranti daga fur, na kira ta.

"Ke, kawo in taɓa mana."

Ta tsaya, ta dube ni da ladabi, ta ce, "A'a Kaka, wanga gwaji na. Ban son in ɓata maki baki. Bari su Kawu su ji, in ya yi sai in kawo maki."

Bayan la'asar ta kawo, a asiti mai fure, ta zaɓo mini waɗanda suka fi kyau. Ta ajiye a gefen tabarmata ta koma, ana kiranta a waya. Na ɗauki ɗaya na ci. Ya narke a baki, babu abin kushewa a jikinsa. Kowa a gidan ya riga ya ci.